Yadda Na Sayi Kyamara Saboda Kakata

Kakata tana Sabon Ibadan. Ta tsufa ƙwarai, yau shekara biyu ke nan ba ta fita tsakar gida ba, ɗakinta kuwa taga ɗaya gare shi, ita ma 'yar ƙarama. Duk gidanmu ba mai hotonta na kirki. Na gwada da wayata, hoton ya fito dishi-dishi kamar an ɗauke shi cikin hazo. Da na kunna 'yar fitilar nan mai walƙiya, sai ta rufe fuska da mayafi, ta ce, "Kai maigida, so ka ke ka ƙarasa mini ɗan idon da ya rage?" Shi ya sa na ƙudura, abin da na daɗe ina tarawa kyamara zan saya da shi, ƙarama, irin ta aljihu. Kuɗin kuwa harsashi ɗaya ne, in na kuskure shi ke nan.

Na fara zuwa wurin wani dattijo a unguwarmu, wanda ya yi sana'ar hoto tun zamanin fim. Ya ce, "Yaro, kyamara akwati ce kurum, ido shi ne aikin. Duba rubutun da ke kewaye da idon. In ka ga Tessar, kada ka tsaya ciniki." Na ce, "To, Baba."

Ran Asabar na shiga Ikko, wani mai kanti a Ikeja ya jera mini guda uku na hannu. Ta farko Sony W830, a idonta an rubuta Vario-Tessar. Ta biyu Sony RX100, an rubuta Vario-Sonnar. Ta uku Panasonic, an rubuta Vario-Elmar. Abin mamaki, mai Tessar ɗin ita ce mafi araha. Na ce a raina, in ita ce sarauniya, me ya kai ta zaman ƙasa? Na mai da kuɗina aljihu, na komo makaranta, na yi mako biyu ina bincike.

Ga abin da na samu. Idon kyamara ba gilashi ɗaya ba ne. Gilashi ɗaya ba ya iya tara haske daidai, tsakiyar hoto ta fito, gefe ya dushe. Don haka a ke jera gilasai, wannan ya gyara kuskuren wancan, kowane jeri kuwa da sunansa. Tessar wani Bajamushe ne, Paul Rudolph na kamfanin Zeiss, ya tsara shi a 1902. Gilasai 4 ne, sunan ma daga kalmar "huɗu" ya fito a harshen Girka. Kaifinsa ya sa Jamusawa suka yi masa kirari da idon gaggafa. Ashe Baba ba da ka ya yi magana ba.

Amma Tessar ƙofarsa ba ta da faɗi sosai, ɗan rana ne. Sonnar kuwa, wanda Ludwig Bertele ya tsara, don duhu aka yi shi, sunansa daga kalmar "rana" ta Jamusanci. A lokacin, duk inda gilashi ya haɗu da iska sai wani haske ya koma baya, ya ɓata. Sai Bertele ya yi dabara, a idon da ya yi wa kyamarar Contax a 1932 ya manne gilasai 7 suka zama dunƙule 3. Sai a 1935 aka gano, a Zeiss ɗin dai, yadda a ke shafa wa gilashi wani abu ya rage wannan hasara.

Leica su kuma ba jerin gilasai su ke nufi da yawancin sunayensu ba, faɗin ƙofa su ke nufi. Summilux ya fi Summicron faɗi, Summicron ya fi Elmarit, Elmar na baya. Har akwai wani tsohon idonsu Hektor, sunan karen wanda ya tsara shi ne, Max Berek. Kare da takwara a Turai! Ni dai na Olympus na dā ya fi kwanta mini. Harafi su ke sa wa, kai ka ƙirga. D.Zuiko gilasai 4, F.Zuiko gilasai 6. Ko ɗan aji biyu ya iya wannan.

To, inda gizo ke saƙa shi ne kalmar nan Vario. Ma'anarta idon yana miƙewa ya jawo nesa kusa, irin wannan ido kuwa gilasai 4 ba su isarsa. Watau Vario-Tessar ba Tessar ɗin Baba ba ne, jika ne aka raɗa wa sunan kaka. Mu kuwa mun sani, yaro ya ci sunan Malam ba shi ne ya ci karatun Malam ba. Ba kuwa a Jamus a ke yin su ba, Sony ke ƙerawa bisa yarjejeniyarsu da Zeiss, kamar yadda Panasonic ke yi da Leica.

Abin da ba ya ruɗi shi ne lambar da ke gefen sunan. Ita lissafi ce, tsawon ido a raba da faɗin ƙofarsa, saboda haka ƙaramar lamba ita ce babbar ƙofa. Ido mai 2 yana shigar da haske ninki biyu na mai 2.8, ninki huɗu na mai 4. Mai Tessar ɗin nan 3.3 ta fara, mai Sonnar kuwa 1.8, watau hasken da ta ke sha ya fi ninki uku. Ga shi kuma farantin da ke karɓar hoton a cikinta ya fi girma nesa. Sai dai da sharaɗi. In ka miƙe idon, 1.8 ta zama 4.9, ka koma gidan jiya. Wanda ke son hasken, ƙafarsa za ta kai shi kusa.

Na koma Ikeja na sayi RX100, ko da ya ke tun 2012 aka fito da irinta, kuma fentinta ya goge a gefe. Kuɗin bai kai ba, sai da na haɗa da na ɗinkin Salla. Baba ya jujjuya ta, ya ce, "Na ce maka Tessar." Na kwashe bayani na yi masa. Ya saurara har na gama, ya ce, "Karatu ya yi. Je ka ɗauko mu gani."

Da hantsi na shiga ɗakin, na ɗage labulen taga, na durƙusa dab da gadonta. Ta ce, "Maigida, yau kuma gaisuwar har da rarrafe?" Tana cikin dariyar na danna. Na nuna mata, ta kai shi kusa da ido, ta daɗe tana dubawa, har zanen da ke kumatunta ya fito ɗaya ɗaya. Can ta ce, "Wannan ai Inna ce, Allah ya jiƙanta." Sa'an nan ta ce a miƙo mata ɗan kwalinta na Makka, a sake.