Ƙarar da ke shiga rediyo ba iska ba ce

Duk wanda ya tashi a gidan da ake sauraron rediyo ya san wannan matsala. Ana tsakiyar labarai a gajeren zango, sai a kunna keken ɗinki mai moto ko a fara walda a maƙwabta, nan take rediyo ya ɗauki kwarrr. Kakana a Shagari yakan ce iska ce, ya juya eriya. Amma ruwa ba ya tsami banza, kuma tun da na fara karatun Fiziks a Jami'ar Usmanu Danfodiyo nake son in bayyana wa ƙannena na sakandare dalilin.

A cikin ƙaramin moto akwai kabon guda biyu da ke gogar ƙarfen da ke juyawa, kuma kowace guga tana fitar da tartsatsi. Injinan zamani kuwa suna da na'urar da ke sarrafa gudun moto ta hanyar kunna wuta da kashe ta sau dubbai a daƙiƙa ɗaya. Duk lokacin da lantarki ya katse ko ya dawo farat ɗaya, wayar da ke ɗauke da shi tana zama eriya, ta watsa hayaniya. Wata ta bi iska, wata ta bi wayar wuta zuwa duk abin da aka jona. Zangon AM ya fi FM jin jiki, domin saƙonsa yana cikin ƙarfin igiyar ne, wurin da hayaniyar ke taɓawa.

A rediyo, abin ya tsaya ga ɓacin rai. A injin da kwamfuta ke tuƙawa, asara ce. Irin waɗannan injina ana kiransu CNC: kwamfuta ce ke aika ƙananan saƙonni ga moto, kowane saƙo taku ɗaya. Da su ake sassaƙa katako da yankan ƙarfe, kuma injin aikin wuyan riga ɗan gidansu ne. Idan hayaniya ta shiga wayar saƙo, injin zai ƙirga takun da ba a aiko ba, ko ya tsaya cak.

Yayana tela ne a Boɗinga. Ana saura mako biyu Sallah, injinsa na aiki ya riƙa gocewa a tsakiyar zane, har ya ɓata shadda biyu da sai da ya biya masu su. Wasu suka ce injin ya mutu, wasu suka ce baki ne. Na zo hutu, na ɗauki ƙaramin rediyo na sa shi a AM inda babu tasha, na riƙa zagaya shagon. Da yaran shago suka taka kekunansu, ƙarar ta fi tsanani a kusa da soket ɗaya da aka jona komai a kai. Mai gyaran wuta ya zo ya duba, ya tarar shagon ba shi da wayar ƙasa ko ɗaya. Ya kafa ƙarfe a ƙasa ya ɗaura ta, ya ja wa injin layinsa daban, ya nisanta wayoyin kekuna da nasa. Aikin yini ɗaya ne, kuma kayan Sallah suka fita a kan lokaci.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, don haka maganin shi ne toshe hanya. Kada wayar moto da wayar saƙo su kwanta tare. In dole ne su haɗu, su gitta juna. Wayoyi biyu da aka murɗa kamar igiya suna soke hayaniyar da ta shige su, dabarar da Alexander Graham Bell ya yi wa rajista a 1881 saboda tarho. Waya mai rigar ƙarfe tana kare saƙon da ke cikinta, bisa abin da Michael Faraday ya nuna a Ingila a 1836 da ɗakin da ya lulluɓe da ƙarfe. Wannan ƙullutun da kuke gani a jikin wayar wasu cajojin kwamfuta ma ba ado ba ne, zobe ne da ke shanye hayaniya.

Ku gwada da kanku. Ku ari rediyon gida, ku sa shi a AM, ku kusantar da shi ga cajar waya, da fanka, da fitila mai caji. Ku rubuta wanne ya fi ƙara, kuma daga taku nawa ƙarar ke ɓacewa. Sai dai kada ku buɗe cikin inji ko soket, domin wasu sassan suna riƙe wuta ko bayan an kashe. Wannan aikin ƙwararru ne. Ku kai wa malamin Fiziks abin da kuka rubuta. Garuruwanmu suna cika da sola da injina masu kwamfuta, kuma suna buƙatar yaran da za su iya gano daga ina matsala ta taso kafin a ce inji ya mutu.