Keken babana

Keken da nake hawa ya girme ni. Babana ya sayo shi a Kano tun ba a haife ni ba. Raleigh ne, baƙi, mai ƙararrawa. Da Allah ya yi wa baba rasuwa, ƴan'uwana suka bar mini shi, tunda ni ke koyarwa a ƙauye. Daga gidanmu zuwa lakwal kilomita 9 ne.

Da aka ba da hutun damina na 2024, na jingine shi a zaure, na manta da shi. Kun tuna ruwan da aka yi a shekarar. Gidaje da yawa sun zube a Damagaram, har aka ɗage komawa lakwal zuwa ƙarshen Oktoba. Zaurenmu bai faɗi ba, amma ya yi yoyo, kuma daidai kan keken.

Ana saura kwana biyu a koma, na fito da shi. Sarƙa ta yi ja wur, ta sandare. Haƙoran da take hawa a kai, na gaba da na baya, duk tsatsa ta ci su. Yara, kun san abin da ke kawo tsatsa? In ƙarfe ya daɗe da ruwa a jikinsa, iska kuma tana bugunsa, sai ya fara rubewa, ya zama jan gari. Wata uku ke nan ruwa yana ɗiga a kan sarƙata.

Ina sauri. Na shiga madafa, na ɗebo man gyaɗa, na kwarara mata. Ta ɗan saki, na ji daɗi. Amma man gyaɗa na miya ne. Cikin mako biyu ya kama ƙurar hanya, ya zama danƙo baƙi ƙirin. Wata safiya ina tsakiyar hanya sai na ji ƙafafuna suna juyawa a banza, taya ba ta tafiya. Na sauka na tura. Na isa lakwal rana ta yi sama, ɗalibaina suna bakin aji suna kallona. Ni ne kuwa mai yi musu faɗa in sun makara. Ba wanda ya ce uffan, amma na ji kunya.

Ran Lahadi na tura keken zuwa kasuwar Mirriya, wurin wani tsoho mai gyara.

"Sannu da aiki, Baba."

"Yawwa, Mushe, sannu da zuwa." Ya shafa sarƙar, ya sunsuna yatsansa. "Ƙosai ka soya a kanta?"

Na ce ya sa mini sabuwa. Ya ce a'a, sai ya gwada tukuna. Ya kama sarƙar a gaban babban faifan haƙora, ya ja. Ya ce in ta ɗaga har aka ga haƙori, ta tsufa, sai a sake ta. Tawa ba ta ɗaga ba.

Ya nemo gaɓar da sarƙa ke haɗuwa, ya zare ɗan ƙarfen da ke kulle ta, ya jefa sarƙar cikin gwangwanin kananzir. Bayan mun sha shayi, ya miƙo mini tsohon buroshi, ya ce ni zan goge. Na zauna a ƙasa ina bin ta gaɓa-gaɓa. Wadda ta ƙi lanƙwasawa, sai in murza ta hagu da dama har ta saki. Gaɓoɓi sun fi ɗari! Hannuna ya yi baƙi, bayana ya ƙage.

Shi kuwa ya kwantar da keken, yana ɗiga kananzir cikin ƙaramin faifan baya yana juya shi. Ya ce a ciki akwai ƴan harsuna na ƙarfe masu kama taya in an taka. Tsatsa da danƙo ne suka manne su, shi ya sa ƙafafuna suka juya a banza. Can sai muka ji ƙas-ƙas-ƙas, irin ƙarar da na sani tun baba yana goya ni a baya.

Da sarƙa ta bushe, ya mayar da ita. Ya sa man inji ɗigo ɗaya a kowace gaɓa, sa'an nan ya goge bayanta tas da tsumma. Na yi mamaki. Ya ce aikin mai a ciki yake, na waje yashi kawai yake kira. Dala ɗari ya karɓa, har da kuɗin kananzir.

Ina gogewa na ƙirga haƙoran: 44 a gaba, 18 a baya. Ran Litinin na shigo da keken cikin aji, na kife shi a kan tebur. Na tambayi yara, in na taka sau 9, sau nawa tayar baya za ta juya? Wasu suka kama alli. Wata yarinya ta ɗaura tsumma a jikin taya, ta juya da hannu tana ƙirgawa, ta samu 22 kafin kowa.