Ranar Da Aka Ba Ni Amanar Abba A Bakin Teku

'Yan uwana mata, tun ina sakandare nake jin labarin teku a bakin Hajiyarmu, wadda ta taɓa zama a Ikko, kullum zancenta Bar Beach. Da na je hutu gidan Yayata a Agege a 2023, sai na tarar an daɗe da cike wurin da yashi ana gina sabon gari, Eko Atlantic. Mijin Yaya ya ce sai dai mu nufi Elegushi, can wajen Lekki.

Yaranta biyu, Abba mai shekara 2 da rabi, da jaririya 'yar wata 4. Na ce a bar mini shirinsu, ai ni ce gwana. Na tsaɓa wa Abba shadda da hula da takalmi sau-ciki, jaririya kuwa na naɗe ta cikin leshi har da safa da hular ulu. Yaya na shigowa ta riƙe haɓa ta ce, "Ke 'yar nan, suna za mu ko biki?"

Nan take ta tuɓe su. Ta sa wa jaririya rigar auduga marar nauyi mai dogon hannu, Abba kuwa gajeren wando da silifas da wata jar riga duk ta koɗe. Na taɓe baki na ce, "Haba Yaya, sai ka ce ɗan aike?" Ta ce ja ido ke fara hangowa cikin taro, fari da shuɗi kuwa sajewa suke da ruwa.

Jakar ma da na cika da hoda da turare sai ta zazzage. Ta zuba nafkin, kayan canji bibbiyu, tawul, ledar jiƙaƙƙun kaya, ayaba, ruwan sha, garin gishiri da sukari na asibiti, da zannuwa 3: na shimfiɗa, na inuwa, na goyo. Ta haɗa da jarkar ruwan famfo, domin ruwan teku gishiri ne, in ya bushe a jikin yaro ƙaiƙayi yake sa shi. Jaririya dai ta ce nono ya ishe ta, ba ruwa sai ta cika wata 6, kuma rana ba za ta taɓa ta ba. Shi ya sa ma muka daidaita isarmu da la'asar, don daga ƙarfe 10 zuwa 4 rana ta fi ƙuna.

Kai, teku ikon Allah! Ga jama'a, ga dawaki, ga ruri kamar hadari. Yaya ta zauna a inuwa tana shayarwa, ta ce, "Ga amanar Abba, kada hannunki ya rabu da nasa."

Wallahi ban yi minti ɗaya ba. Iska ce ta yaye mini mayafi, na sake shi don in gyara a ɗauke ni hoto. Ina waiwayowa babu yaro. Gabana ya yanke ya faɗi, na hau salati, ina duba nan ina duba can, duk kawuna iri ɗaya. Can sai na hango ɗan ja-ja a bakin ruwa, yana bin kumfar da ke komawa ciki. Na watsar da takalma na ruga. Ina cafkar rigarsa igiyar ruwa ta doke ni har gwiwa, na ji yashi na zamewa a ƙarƙashin ƙafata kamar ana jan tabarma. Shi kuwa gogan naku dariya yake yi. Ko da ruwan ya tafi da shi, ba wanda zai ji kukansa.

Yaya ba ta ce mini uffan ba. Ta ɗauraye shi da ruwan jarka, ta canza masa kaya, ni ma ta miƙo mini zanin goyo na ɗaura, jikina sai ɓari yake. Gara a ce ta mare ni. Sai a mota ta dube ni ta ce, "Da kin bar masa farar shaddar nan fa?" Na fashe da kuka.

Don haka ƙannena, in an ba ku riƙon yaro kusa da ruwa, ko teku ne, ko dam ɗin Tiga, ko bahon wanki a tsakar gida, ku bar kwalliya sai an dawo. Jar rigar nan na roƙi Yaya ta bar mini, tana ƙasan akwatina har yau.