Riƙon marayan giwa

'Yan'uwa manoma da makiyaya, babu gida a Dumega da bai san riƙon marayan bisa ba. Tunkiya ta mutu wurin haihuwa, ko akuya ta ci wani mugun haki a daji ta faɗi, a bar ɗanta bakin turke yana kuka. Kowa ya san abin da ake yi. A nemi wata mai shayarwa a riƙe ta ɗan ya sha, ko a tatso nono a ɗiga mishi da yatsa. Na tashi ina ganin goggona tana wannan aiki kowace shekara. In sanyin hunturu ya yi yawa, cikin ɗakinta ɗan ragon ke kwana. Amma da ya fara cin haki sai ta kore shi ya bi garke, ko yana kuka. Takan ce ragon da ya saba da ɗaki ba ya iya kiwo, kuma shi kura ke fara ɗauka.

Yau ina so mu yi magana kan marayan da ya fi ƙarfin ɗakin goggo, wato ɗan giwa.

Na san wani zai ce ina ruwanmu da giwa. Gaskiya ne, yaran Arewa na yanzu ba su san ta ba sai cikin karin magana da kirari. Muna cewa giwa a garin wani zomo ce, muna kiran jarumi toron giwa, amma sawunta ba mu taɓa gani cikin gonakinmu ba. Tsofaffi kan faɗi cewa a dauri, lokacin da dallol ke da duhun itace, mahalba na gamuwa da manyan namun daji ba nisa da gari. Yau mai son ganin giwa a ƙasarmu sai ya nufi gandun dajin W, can ƙetaren kogin Kwara, wanda aka kafa a 1954, mai faɗin hekta 220,000 a ɓangaren Nijar. Ni can na gan ta, shekaru da dama da suka wuce, wajen Tapowa. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne wani ɗan ƙarami da ke tafiya ƙarƙashin cikin uwarsa, sauran giwaye sun kewaye shi ta kowane gefe. In ya tsaya duk su tsaya. Tun ranar nake tambayar kaina: in wannan ya rasa uwa, wa zai iya riƙonsa?

Amsar ta zo daga maƙwabtanmu na Burkina Faso. A watan Satumba na 2017, mutanen wani ƙauye kusa da Boromo, kan hanyar Wagadugu zuwa Bobo, suka wayi gari da 'yar giwa ita kaɗai, ba ta wuce wata uku da haihuwa ba. Ta ɓace wa garkensu. Mutanen nan manoma ne kamar mu, kuma giwaye sun sha ɓata musu gonaki. Duk da haka ba su yanka ta ba, ba su ɗaure ta don yara su yi kallo ba. Suka sanar da ma'aikatan gandun daji, jama'a suka haɗa hannu aka sayo madara. 'Yan lakwal suka raɗa mata suna Naniya. Daga baya wata ƙungiyar kare dabbobi da ake kira IFAW ta kawo taimako. Masu reno suna kwana suna tashi da ita, aka haɗa ta da wata tunkiya don ta rage kaɗaici, har suka shaƙu. A farkon 2019 aka mai da ita cikin gandun dajin Deux Balé, nesa da hayaniyar gari, don ta fara jin warin 'yan'uwanta. Har kashin giwayen dajin aka tsinto aka kai wa masana suka gwada da nata, gwajin ya nuna danginta na jini na nan cikinsu.

Kun ga aiki. To, me ya sa riƙon ɗan giwa ke da wuya haka?

Da farko dai akwai maganar nono. Giwa na ɗaukar ciki wata 22. Ɗan da ta haifa nauyinsa kamar buhun hatsi ne mai kilo 100. Sai ya shekara biyu nono ne abincinsa na ainihi, wani ya kai shekara huɗu bai rabu da shi ba. Mu in an ce nono, saniya muke tunawa. To nonon saniya shi ke kashe ɗan giwa. Maiƙon da ke cikinsa cikin ɗan giwa ba ya iya narkar da shi, sai zawo ya kama shi, cikin 'yan kwanaki ya mutu. Mutane da yawa masu kyakkyawar niyya sun kashe 'ya'yan giwa da ƙwaryar nono a hannunsu.

Wadda ta gano maganin wannan wata mata ce a ƙasar Kenya, sunanta Daphne Sheldrick, matar shugaban gandun dajin Tsavo. Ta yi shekaru tana gwaji, marayu na mutuwa a hannunta, har ta gane cewa madarar jarirai da aka haɗa da man kwakwa ita ce ta fi kusa da nonon giwa. A 1974 ta rayar da wata jaririyar giwa mai suna A'isha har wata shida da wannan haɗi. Sai bikin ɗiyarta ya taso, ta yi tafiya ta 'yan kwanaki, ta bar A'isha hannun wani. A'isha ta ƙi shan madara, ta kwanta, ta mutu. Ciwon da ya kashe ta kewa ce.

Wannan mutuwa ta koyar da darasi na biyu. Ɗan giwa ba ya rayuwa da madara kaɗai, sai da dangi. Kuma bai kamata ya rataya ga mutum guda ba. A gidan renon da aka kafa a Nairobi da sunan mijinta bayan rasuwarsa a 1977, masu reno na sauyawa. Wanda ya kwana da wannan yau, gobe ya kwana da wancan. Kowane awa uku, dare da rana, ana ba su madara cikin kwalba mai bakin roba. Ana rufa musu bargo da sanyin safiya, ana kare musu kunnuwa daga rana, domin a daji inuwar cikin uwa ke yin wannan aiki. Har bargo ake ratayawa ɗan ya jingina hannunsa yana sha, kamar yadda zai jingina ga jikin uwarsa. Matar ta rasu a 2018 tana da shekara 83, aikin kuma bai tsaya ba.

Labarin da ya fi faranta mini rai shi ne na makiyayan Samburu, a arewacin Kenya. Ƙasarsu busassa ce kamar tamu. Da rani suna haƙa rijiyoyi cikin rairayin gulbi don su shayar da bisashe. Da dare giwaye su zo shan ruwa, ƙananan su faɗa ciki, garke ya jira ya gaji ya tafi. A 2016 makiyayan suka buɗe gidan reno nasu na kansu mai suna Reteti, 'ya'yansu maza da mata ke aikin. In an tsamo ɗan giwa daga rijiya ba a gaggawar ɗauke shi. Ana zama kusa da shi a jira, ko uwar za ta komo, sau da yawa kuma tana komowa. Sai an tabbata ba ta zuwa ake kai shi gidan reno. A 2020, da annobar korona ta rufe hanyoyi, madarar gwangwani ta yi wuyar samu. Sai suka gwada nonon akuya, suka tarar ya karɓi 'ya'yan giwa ƙwarai. Matan ƙauyuka suka shiga tatsa suna sayar wa gidan renon, kuɗi na shiga hannunsu. Ku duba hwa: akuyar da muke rainawa ita ta rayar da giwa.

Amma duk wannan wahala rabin aiki ce. Babban aikin shi ne rabuwa. In ɗan ya kai shekara biyu zuwa uku ana kai shi wani sansani cikin daji. Da safe ya fita kiwo tare da masu reno, da marece ya komo. Sannu sannu ya gamu da giwayen daji, ya bi su yini guda, wata rana ya kwana can, wata rana ya yi mako. Ba a korarsa, ba a kuma hana shi. Shi zai zaɓi ranar da ba zai komo ba. Wannan kan ɗauki shekaru, wani lokaci har goma. Masu renon Kenya sun sha ganin giwar da suka shayar ta komo bayan shekaru da jaririnta da ta haifa a daji, ta tsaya bakin sansani, sa'an nan ta juya.

Me ya sa ba a buɗe ƙofa kawai a sake su? Saboda abin da mutum ba zai iya koya wa giwa ba ya fi abin da zai iya yawa. Tsohuwar giwa da ke jan garke ita ta san inda ruwa yake a shekarar fari, ita ta san hanya, ita ke tsawata wa yara. An ga abin da rashin manya ke jawowa a Afirka ta Kudu. An kwashi marayun giwaye aka zuba su gandun dajin Pilanesberg ba babba ko ɗaya a cikinsu. Da mazan suka balaga sai suka zama 'yan tasha. Tsakanin 1992 da 1997 suka kashe karkanda fiye da 40. A 1998 aka kawo manyan toraye shida aka sa cikinsu, ɓarnar ta tsaya. Ba sai na yi muku bayani ba. Duk wanda ya ga yaron da ya tashi ba mai kwaɓa ya san wannan.

Yanzu mu komo gida. Ba na zaton wani zai tsinci ɗan giwa tsakanin Dumega da Tibiri. Amma kowace damina yara masu kiwo na shigowa gari da ɗan barewa, ko ɗan gada, ko ɗan jan biri da igiya a ƙugu. A ce an tsince shi, maraya ne. Sau da yawa ba maraya ba ne. Barewa na ɓoye ɗanta cikin sabara ta tafi kiwo, ta komo ta shayar da shi. Wanda ya ɗauke shi shi ya mai da shi maraya. A ɗaure shi gindin rumbu, a ba shi kunu, yara su yi ta ja, bayan mako guda a jefar da gawa bayan gari. In ya rayu ma, ya zama abin da ba na gida ba, ba na daji ba. Na ga irin wannan ya fi a ƙirga, ban taɓa ganin wanda ya ƙare da daɗi ba.

Shawarata ga iyaye da makiyaya guda uku ce. Ta ɗaya, in an ga ɗan naman daji shi kaɗai, a bar shi inda yake, a ja da baya, a kore karnuka. Ta biyu, in an tabbata uwar ta mutu, a sanar da mai gari da ma'aikatan gandun daji, kada a yi mishi maganin gida. Dokar farauta ta 29 ga Afrilu 1998 ta sa giwa da raƙumin dawa cikin dabbobin da aka hana taɓawa sam. Ta uku, wadda ta fi sauran nauyi, mu bar daji ya rage. Wanda ya rayar da maraya shekara goma, in babu dajin da zai sake shi, ya yi aikin banza. Giwa guda na cin ganye da haki wajen kilo 150 a yini, tana shan ruwa fiye da lita 100. Barewa ba ta buƙatar haka, amma ita ma tana son sabara da kalgo da za ta ɓuya. In kowane kurmi ya zama gona, kowane gawo ya zama itacen wuta, to ko an kawo mana namun daji kyauta ba mu da inda za mu aje su.

Kada wani ya ce abin ya wuce gyara. Nan cikin jiharmu ta Dosso da wajen Kure muna da shaida. A 1996 raƙuman dawa 49 kaɗai suka rage a duk Afirka ta Yamma, dukansu a Nijar. Manoma suka haƙura da ɓarnar wake, aka daina halbi, a 2017 suka haura 600. A 2018 aka ɗauki guda takwas cikin mota aka kai su Gadabeji, a jihar Maraɗi, inda irinsu ya ɓace tun shekarun babban fari. A 2022 aka ƙara kai huɗu. Abin da ya yiwu ga raƙumin dawa zai yiwu ga barewar dajinmu, in muka so.

Ana ta sassabe yanzu, damina na tafe. Wanda ya tarar da ɗan kurmi a gefen gonarsa ya bar shi tsaye. Wanda ɗansa ke bin awaki ya kira shi yau da dare ya gaya mishi: abin da ka gani kwance cikin sabara yana da uwa, bar mata kayanta. Allah shi ba mu damina mai albarka.