Jirgin Roba a Kasuwar Ƙonni

A ƙasar Dogarawa babu kogi mai gudu rani da damina. Majiya ce gulbinsu, ita kuwa sai an yi ruwan sama take kawowa. Ta ratsa ƙasar Ƙonni, ta je ta zube a tabkin Kalmalo cikin Nijeriya. Amma in damina ta wuce, ruwa yakan kwanta cikin tabkuna da bayan madatsai, kamar na Mozage da Zango, waɗanda ake ban ruwan gonakin Ƙonni da su. Cikin irin wannan ruwa ake samun tarwaɗa da karfasa.

A wani ƙauye kusa da Dogarawa akwai wani manomin albasa. In ya sami sarari yakan je su a tabkin bayan gari. Ba shi da jirgi. Wani babban gora gare shi, wanda ya gada wajen tsohonsa. Yakan kwanta bisansa rub da ciki, yana tuƙi da hannu da ƙafa, in ya kama kifi ya jefa cikin goran. Dabarar tsohuwa ce. Ko a bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka soma a 1934, da gora da koma masunta suke faɗawa ruwa.

Amma gora mutum guda yake ɗauka. Manomin nan kuwa yana da yara biyu, namiji ɗan shekara 12 da mace ƴar shekara 8. Kullum suna cewa, "Baba, yaushe za ka kai mu wancan ƙetare, inda tsuntsaye suke sauka?" Shi ma abin yana ransa. Da ya sayar da albasar bana, sai ya ɗauki yaron suka tafi kasuwar Ƙonni.

Can suka tarar da wani mai sayar da kayan gwanjo, yana da jiragen roba biyu, irin waɗanda ake hura wa iska. Na fari ƙarami ne, ja da rawaya, mai araha. Na biyu ruwan toka ne, ba shi da kyan gani, ga nauyi, ga tsada. Idon yaron ya tsaya ga ja. Mai kaya ya ce, "Malam, ɗauki wannan. Ba ka ga ya shiga ran yaro ba?"

Uban ya ce, "Alhaji, bari mu duba tukuna." Ya murza robar jan da yatsa, ya ji ta kamar leda. Kafar hura iska guda ce. Ya juya na tokan, ya ƙirga kafa uku. Ashe cikinsa a rabe yake ɗaki uku, kowane da iskarsa.

Me ya sa wannan ya zama abin dubawa? Iska ce take riƙe jirgin roba bisa ruwa. Litar ruwa guda nauyinta kilo guda ne. Saboda haka litar iska guda, in an danna ta cikin ruwa, tana iya riƙe kamar kilo guda. In jirgi ɗaki guda gare shi, ya huje, iskar duka za ta fita. In ɗaki uku ne, guda ya sace, biyu suna nan.

Akwai rubutun Faransanci a jikin jiragen. Uban bai yi lakwal ba, sai yaron ya karanta, ya juya masa da Hausa. An rubuta a jikin jan cewa na wasa ne, a wurin da ƙafa take taɓa ƙasa. Na tokan kuwa an sa mutum 3, kilo 240. Yaron ya tsuguna ya yi lissafi a ƙasa: Baba kilo 70, Inna 60, shi 35, ƙanwarsa 25. Ya ce, "Duka 190 ke nan, Baba. Zai ɗauke mu!" Uban ya ce, "Mu nawa ne?" Yaron ya yi shiru. Su huɗu ne.

Ran nan ba su sayi kome ba. Da dare uban ya je gaida Sarkin Ruwa, ya kwashe labari ya faɗa masa. Tsohon ya ce, "Ɗana, an yi jirgin nan don ruwan wasu, sai ka duba naka. Tabkinmu cike yake da bagaruwa, ƙayarta tana nan ƙarƙashin ruwa. Karfasa tana da ƙaya a baya, ga ƙugiyoyinka. Kuma abu marar nauyi, in iskar hunturu ta taso, inda ta so za ta kai shi." Gaskiya tsohon ya faɗa. Da saura guda ma: iskar da ke cikin roba tana kumbura in ta sha rana. Wanda ya cika jirgi tam da sanyin safiya, ya bar shi bisa rairayi har azahar, yana iya jin ya fashe.

Da ya komo gida, uwar yaran ta yi tambayar da ta fi kowace nauyi. Ta ce, "Malam, kai ka iya iyo. Su fa?" Ba wanda ya iya cikinsu. Rigar ceto kuwa, wadda take hana mutum nutsewa, bai gan ta a kasuwa ba. Ta ce ita kam ba ta shiga, tana bakin gaci tana kallo.

Wata guda cur yana kai yaran bakin tabki da marece, inda ruwa bai wuce ƙirjinsu ba. Suka koyi iyo suna riƙe da goran kakansu. Sa'an nan ya koma Ƙonni. Ya sa aka hura na tokan, ya shafa masa ruwan sabulu a ko'ina, yana neman inda zai yi kumfa. Bai samu ba. Ya biya, ya haɗa da famfo da filafilai biyu da igiya doguwa. Kuɗin sun ci rabin ribar albasarsa.

Ranar da suka fara fita, da hantsi ne, babu iska. Ya ɗaura wa kowane yaro jarka wofi mai murfi a ƙirji. Ba rigar ceto ba ce, amma ta fi babu. Suka bi gefe gefe, ba su ratsa tsakiya ba. Yaran suka ga tsuntsayen kusa da kusa, yarinyar har da tafi.

Suna komowa sai suka ji "tsiii" ta gefen hagu. Wani reshen bagaruwa ne ya soki jirgin. Gefen ya yi laushi, jirgin ya karkata, yarinyar ta ƙwala kuka. Uban ya ce, "Ku zauna, kada wanda ya miƙe!" Suka matsa dama a hankali. Ɗakuna biyun suka riƙe su. Ya yi ta tuƙi har ya jefa igiya, uwar ta cafe, ta jawo su gaci.

Wanshekare yaron ya naɗe jirgin, ya aza bisa jaki, ya kai wa mai faci a bakin hanyar mota. Uban kuwa ya ɗauki komarsa da goransa, ya nufi tabki.