Tukunyar da ba ta son a leƙa ta

A ƙasar Hausa, idan mace ta ɗora tukunya, ta ɗaure kanta da ita ke nan. Za ta iza wuta, ta janye itace in ta yi yawa, ta buɗe murfi ta motsa, ta ɗanɗana gishiri, sa'an nan ta koma ta zauna inda kunnenta ke jin tafasa. Saboda haka duk wanda ya tashi gaban murhu mai duwatsu uku zai yi mamakin jin cewa akwai tukunyar da babban sharaɗinta shi ne a rufe ta a tafi. Irin wannan tukunya na iske a Amurka, a birnin Greensboro na jihar Karolina ta Arewa, inda ƴan Nijar da dama suka yada zango, inda kuma na yi wata uku a gidan yayana. A cikinta na ga an dafa wani abin maƙulashe da Amurkawa ke kira kobla, wanda ake yi da ƴaƴan itacen nan buluberi. Abinci ne na ƙasarsu, ba mu da shi, ba kuma nufina in ce mu ɗauko shi ba. Amma tarihin da ke cikin wannan kwano ya ba ni abin tunani, shi ne nake so in ajiye gaban mai karatu.

Bari mu fara da ɗan itacen. Girmansa bai wuce na magaryar daji ba, launinsa shuɗi mai duhu kamar turkuɗi, da wata ƴar farar ƙura a fatarsa da ke gogewa in an taɓa. Ba shi da ƙwallo, sai ƴan ƙananan iri da haƙori bai cika jin su ba. Asalinsa Arewacin Amurka ne, kuma mutanen farko na wannan nahiya sun daɗe suna cin sa tun kafin zuwan Turawa. A shekarar 1615 Bafaranshen nan Samuel de Champlain ya iske wasu daga cikinsu a yankin tafkin Huron suna shanya shi domin tanadin lokacin sanyi. Har farkon ƙarni na 20 ɗan daji ne, ana tsinko shi inda Allah ya fid da shi, kuma waɗanda suka gwada dasa shi a gona sun sha ganin ya ƙi. Wani masanin tsirrai na ma'aikatar noman Amurka, Frederick Coville, shi ya gano dalili, ya bayyana shi a 1910: wannan tsiro ƙasa mai tsami yake so, kuma ƙasar lambu da aka gyara da toka ko farar ƙasa kashe shi take yi.

Wata mace mai suna Elizabeth White, ƴar wani manomi a jihar Niyu Jasi, ta karanta wannan bayani, ta rubuta wa Coville a 1911 cewa ga fili, a zo a gwada. Abin da ta yi bayan haka shi ne ya fi jan hankalina. Ta san cewa masani ya san ƙasa da saiwa, amma bai san inda itace mai manyan ƴaƴa yake a cikin daji ba. Masu wannan ilimi su ne talakawan dajin, masu tsinka da mafarauta. Sai ta ba su ma'auni mai rami, ta ce duk wanda ya samo itacen da ƴaƴansa suka kai wannan girma za ta biya shi lada. Daɗa ba ta tsaya ga kuɗi ba, ta riƙa laƙaba wa itacen sunan wanda ya nuna shi. Irin da ake kira Rubel, wanda har yau ake nomawa, daga sunan wani mutum Rube Leek aka ciro shi. A 1916 suka kai amfanin gonarsu na farko kasuwa. Bayan shekara ɗari da ƴan kai, a 2019, ƙasar Peru, wadda ba asalin wannan iri ba ce, ta zama ta farko a duniya wajen fitar da ɗanyensa zuwa ƙasashen waje.

Shi kuwa kobla, abincin rashin kayan aiki ne tun farkonsa. Turawan da suka ƙaura zuwa Amurka sun baro gidaje masu tanderu da kwanonin gashi, suka sami kansu da tukunyar ƙarfe guda da garwashi. Sai su zuba ƴaƴan itace a ƙasan tukunya, su ɗora curin ƙulli a sama, su rufe, su zuba garwashi bisa murfi. Sunan ya shiga wani ƙamus na kalmomin Amurkawa a 1859. Kowane yanki da nasa salo da nasa suna. A arewa maso gabashin ƙasar akwai wanda ake turarawa bisa murhu ba tare da gashi ba, kuma ɗaya daga sunayensa yana nufin gurnani, saboda ƙarar da ƴaƴan ke yi suna tafasa ƙarƙashin ƙulli.

Tukunyar kanta tana da nata labari. Wani injiniya a Cikago, Irving Naxon, ɗan Yahudawan da suka yi hijira daga gabashin Turai, ya ji mahaifiyarsa tana ba da labarin garinsu Vilna, a ƙasar Lituwaniya ta yau. Da yake addininsu ya hana su kunna wuta ran Asabar, tun Jumma'a da yamma ake kai tukwanen wake da nama gidan mai burodi, a sa su cikin tanderu bayan an gama gashi, su kwana suna dahuwa da sauran zafin da ya rage. Naxon ya nemi hanyar da lantarki zai yi aikin wannan tanderu mai hucewa. Ya nemi rajistar ƙirƙirarsa a 1936, aka ba shi a 1940. A 1970 kamfanin Rival ya saye nasa kamfanin, a 1971 kuma ya fito da tukunyar da sunan Crock-Pot. Ta zo daidai lokacin da matan Amurka ke fita aikin albashi da yawansu, saboda haka tallarta ta yi musu alkawarin cewa abinci zai yini yana dahuwa alhali mai girki ba ta gida. Ƙirarta ba wuya: kasko ne mai kauri na gasasshen yumɓu, a cikin gidan ƙarfe da ke ɗumama shi ta ƙasa da gefe, ga murfin gilashi. Wutar da take ci ba ta cika wuce wat 200 zuwa 300 ba, kuma abin da ke ciki yana tsayawa ne a gefen tafasa.

Matar yayana tana aiki a gidan kula da tsofaffi, wani mako da rana, wani mako da dare. Wata dattijuwa maƙwabciyarsu ce ta koya mata kobla, ita kuma ta mai da shi abin ranar hutu. Ga yadda na ga tana yi. Takan shafe kaskon da man shanu, ta zuba buluberi kamar giram 700, ɗanye ko wanda aka daskarar. Ta barbaɗa sukari giram 70, da babban cokali guda na sitacin masara, irin wanda muka sani da sunan Maizena, ta matsa rabin lemun tsami, ta juya. A wani kwano ta haɗa garin alkama giram 150, sukari giram 50, ƙaramin cokali ɗaya da rabi na hodar da ke sa ƙulli ya tashi, ɗan gishiri da kirfa, sa'an nan narkakken man shanu giram 60 da madara rabin kofi. Ba ta buga ƙullin kamar na fanke, juyawa kaɗan take yi har gari ya ɓace, domin yawan bugu yana sa shi tauri. Ta ɗiba da cokali ta jera curi-curi bisa ƴaƴan, tana barin ƴan kafofi inda tururi zai fita. Daga nan ta shimfiɗa tsumma mai tsabta a bakin kaskon, ta ɗora murfi a kai, ta kunna babbar wuta awa biyu zuwa biyu da rabi, ko ƙarama wajen awa huɗu.

Kowane mataki da dalilinsa. Ƴaƴan suna fashewa su saki ruwa mai yawa, kuma tunda murfi a rufe yake ruwan ba ya ƙonewa, sitaci ne ke kama shi ya yi kauri. Lemun tsami yana tayar da ɗanɗano, yana kuma tsare launi, domin sinadarin da ya rina buluberi dangin wanda ya rina soɓorodo ne: tsami yana ja da shi wajen ja, abu mai kama da kanwa kuma yana mai da shi kore-kore mara kyan gani. Tsumma kuwa yana tare raɓar da ke taruwa a cikin murfi, wadda in ba shi ba za ta ɗiga bisa ƙulli ta mai da shi caɓi. Rannan na kai hannu zan ɗaga murfi in ga inda aka kwana, sai ta ce, "Malam, bar ta. Wannan ba tukunyar Inna ba ce, in ka buɗe ta fushi take yi." Gaskiyarta: wutar ƙarama ce, zafin da ya fita cikin ƙiftawar ido sai an daɗe kafin ya komo. Masu iya magana sun ce mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa. A nan haƙurin da ake nema shi ne na janye hannu.

Akwai abin da wannan tukunya ba ta iyawa, kuma dattijuwar da ta koyar da girkin ba ta ɓoye shi ba. Jan ɓawon da ke bayan burodi, da ƙamshin ƙanzon tuwo, suna fitowa ne daga haɗuwar sukari da furotin cikin zafi mai ƙarfi, abin da Bafaranshen nan Louis-Camille Maillard ya bayyana a 1912. Wannan haɗuwa ba ta kankama sosai sai zafi ya kai wajen digiri 140, alhali inda tururi ya cika zafi ba ya wuce digiri 100. Saboda haka saman koblan tukunyar lantarki yakan fito fari, da laushi, ya fi kusa da alkaki kafin a soya shi ko da dambu. Wato abin da injin zamani ya dafa ya koma kama da tsohon mai gurnanin nan na bisa murhu. Wanda ya saba da na tanderu zai ce an rage masa wani abu, kuma bai yi ƙarya ba.

To, me aka samu a madadinsa? An samu awa biyu da rabi. A cikinsu na ga matar yayana ta yi wa ƴarta kitso, ta duba wa ɗanta aikin makaranta, ta kira mahaifiyarta a Maraɗi suka daɗe suna gaisawa. Da aka kashe wuta aka bar shi ya huta minti 20 domin ruwan ya daɗa kauri, sai aka zuba a kwanoni, yara suka sa daskararriyar madara mai zaƙi a kai, mu manya muka sa nono mai kauri, wanda ni a bakina ya fi dacewa da tsaminsa. Sau da yawa mu maza, musamman mu masu alli da alƙalami, mukan yi kukan cewa abincin zamani ya rasa ɗanɗanon na da. Kafin mu yi wannan kuka ya kamata mu tambayi wa ke biyan kuɗin wannan ɗanɗano, da awa nawa, da hayaƙi nawa a ido da ƙirji. Wadda ta yini tsaye tana ɗaga tsofaffi tana da ikon ta zaɓi farin ƙulli da zama da ƴaƴanta. Ban ce babu hasara ba. Yarinyar da ba ta zauna gefen murhu ba, ba za ta koyi gane nunar abinci da hanci da kunne ba, kuma hirar da ake yi wajen iza wuta makaranta ce. Amma a gidan da na gani, hirar ta tashi daga gaban murhu ta koma kan tabarmar kitso, ba ta mutu ba.

Ban sayo tukunyar na kawo gida ba. Girkin da ke son wuta ta tsaya awa huɗu ba yankewa bai dace da unguwarmu ba, kuma buluberi ba zai yi a ƙasarmu mai zafi da fari ba. Abin da na kawo shi ne labarin Elizabeth White da masu tsinka. Mu ma muna da ƴaƴan daji: magarya, kanya, ɗinya, aduwa, taura, goruba. Kakanninmu sun daka busasshiyar magarya sun yi akuri tun kafin mu san sukari. A cibiyar ICRISAT ta Sadore, kusa da Yamai, an yi aikin aure tsakanin magaryarmu da irin Indiya mai manyan ƴaƴa, wanda aka sa wa suna tuffar Sahel. Wannan aiki ne mai kyau, sai dai manyan ƴaƴan daga waje suka zo. Alhali a kowane ƙauye akwai yaro makiyayi ko tsohuwa mai itace da ta san wace kanya ce ta fi zaƙi, wace aduwa ce ba ta da ɗaci, wace magarya ce ke haihuwa ko a shekarar fari. Wannan sani yana tafiya ne tare da masu shi, wani lokaci ma gatari yakan riga su.

Saboda haka ga shawarata ga ƴan'uwana malaman makaranta da ƙungiyoyinmu na raya al'adu. Idan kaka ta yi, ƴaƴan daji suka fara nuna, a ba ɗalibai aiki su tambayi mutanen gidansu inda itace mafi kyau yake a karkararsu. Su zo da ƴaƴansa a auna, a ɗanɗana, a rubuta wurinsa a littafi, a gaya wa mai gari da ma'aikatan gandun daji domin a tsare shi. A gefen kowane itace kuma a rubuta sunan wanda ya nuna shi, ko da bai taɓa shiga aji ba.