Kawun Sonic

Mu da muka tashi muna haɗa kuɗi don mu buga Sega a shagon unguwa, Sonic da muka sani bushiya ne shuɗi, ba ya komai sai gudu da kwasar zobba. Wasan ya fito a 1991, kuma babu wanda ya taɓa tambayarsa dalilin gudun.

Sai da na girma na ci karo da katun ɗinsa, wanda kamfanin DiC ya shirya, tashar ABC ta Amurka ta riƙa nunawa duk safiyar Asabar daga Satumban 1993. A nan aka ba gudun dalili. Robotnik ya yi juyin mulki, ya mai da birnin Mobotropolis ƙasar hayaƙi da ƙarfe, yana kama jama'a yana jefa su cikin wata na'ura su fito mutum-mutumi marasa tunani. Waɗanda suka tsira, yawancinsu yara, suka ɓuya a ƙauyen Knothole cikin daji ƙarƙashin Gimbiya Sally.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne Kawu Chuck. Shi ya ƙera na'urar nan da hannunsa don tsofaffi su ƙara kwana, aka ƙwace ta, aka saka shi ciki. Akwai fitowar da Sonic ya ba shi zobe, hankalinsa ya dawo na ɗan lokaci, ya gane ɗan ɗan'uwansa, sannan ya sake gushewa. Duk wanda ya taɓa zama gaban tsohon da ya rene shi, tsohon na kallonsa kamar baƙo, ya san wannan ɗan lokacin. Ni kakata ce, kuma da na kai wurin sai da na tsayar da kallon.

Kashi 26 kacal aka yi. A Disamban 1994 aka ci Robotnik da yaƙi, sai ga yaronsa Snively ya fito yana dariya, bayansa wasu jajayen idanu biyu na haske cikin duhu. Daga nan ABC ta soke shirin, zango na uku da aka tsara bai fito ba. Mujallar Archie ta ci gaba da su Sally har 2017, amma nata labarin daban ne, kuma a ganina Chuck ɗinta bai kai na talabijin ba.